Me ya sa amana ba ta ƙare a kasuwa ba?

Ɗan'uwa, ka ce tunda mai ha'inci ya fi samun riba nan take, ya aka yi amana ba ta mutu ba? A 1980 Robert Axelrod na jami'ar Michigan a Amurka ya haɗa gasa a kwamfuta, masana suka turo dabaru 14, kowace ta kara da kowace zagaye 200, ko ka ba da haɗin kai ko ka ci amana. Wadda ta ci ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: fara da kirki, daga nan abin da aka maka shi za ka rama, in mutum ya dawo hanya kai ma ka dawo, ba riƙo.

Abin da ya fi burge ni wallahi, daga baya da aka bar dabarun da suka fi samun riba suna yaɗuwa a kwamfutar, masu ha'inci sun ɗan yi tashe suna cin marasa wayo, da waɗancan suka ƙare su ma sai suka durƙushe. Amma fa riƙon amana ba ya biya sai in za a sake haɗuwa gobe, shi ya sa mai shagon unguwarku zai rubuta ka a littafin bashi, mai talla a tasha kuwa sai kuɗi hannu.