Kumfa da Gobarar Man Roka

Ɗana, ka tambaye ni ko kumfar da muke lulluɓe tankar mai da ita idan ta kama da wuta za ta yi aiki a kan man roka. Za ta yi, amma sai in kananzir ɗin roka, wanda ake kira RP-1, shi kaɗai ya zube ya kama. Aikin kumfa raba wuta da iska, ita kuwa roka da iskarta take tafe, domin kusa da tankin mai akwai tankin oksijin da aka sanyaya zuwa digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos har ya zama ruwa. Muddin biyun suka haɗu, ko duk kumfar motarka ta kashe gobara ka juye, asara kawai ka yi.

A cikin sauran nau'o'in man roka, wanda ya fi ba ni tsoro shi ne haidurojin, saboda da rana ido ba ya ganin harshen wutarsa sosai. A da, ma'aikatan hukumar NASA ta Amurka sukan miƙa tsintsiya a gabansu suna tafiya a hankali kusa da bututun da ake zargi. In bakin tsintsiyar ya kama, nan wutar take. Yanzu na'urorin gano zafi ke wannan aiki. Irin wannan wuta ba a gaggawar kashe ta, domin in ka kashe harshen alhali iskar na ci gaba da fita, taruwa za ta yi ta fashe. Sai a rufe bawul daga nesa, a yi ta feshin ruwa kan tankunan da ke kewaye don kada su ɗauki zafi, a bar ragowar ta cinye kanta. Kada ka kuskura ka auna tiyo kan bakin da tankin ke fitar da iska, ruwan zai daskare saboda tsananin sanyin haidurojin ɗin da ke ciki ya toshe shi.

Haidurazin kuma, wani man rokan daban, guba ne, kuma da ya taɓa abokin ƙonewarsa, wato sinadarin da ke ba shi oksijin, yake kamawa ba tare da ƙyastu ba. A watan Satumba na 1980, a Damascus ta jihar Arkansas a Amurka, soket ɗin sifana ya suɓuce wa wani ma'aikaci ya huda tankin man makami mai linzami Titan II, wanda ke ɗauke da mai mai haɗin haidurazin, bayan sa'o'i makamin ya fashe a cikin ramin da aka ajiye shi, mutum ɗaya ya rasu. Ruwa mai yawa ke surka haidurazin, kuma ba a kusantarsa sai da cikakkiyar rigar kariya da tulun numfashi.

In tururin oksijin ya ratsa tufafinka, ka fita fili ka sha iska kamar rabin sa'a kafin ka matsa kusa da kowace wuta, ko da ta sigari ce.