Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato a jirgi: minti nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birnin Kebbi, kuma an tura mahaifinmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Jikinsa ba ya jure doguwar tafiya a mota. Mene ne nisan filin jirginmu da na Sakkwato, kuma minti nawa jirgi zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Daga Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa na Sultan Abubakar III a Sakkwato, in an miƙe ta sama, tazarar ta ɗan haura kilomita 100. Mu a harkar jirgi mil na ruwa muke ƙirgawa, kowane ɗaya kilomita 1.852, wato kusan mil 55 ke nan. Ta ƙasa kuwa, in ka bi hanyar Argungu, wajen kilomita 150 ne, domin titi ba ya miƙewa kamar jirgi.

Wani zai ce ai jirgi mai farfela irin ATR 72 yana gudun kusan kilomita 500 a awa, don haka minti 12 ya isa. Lissafin takarda ke nan. Jirgi sai ya hau sama sosai yake kai wannan gudun, kuma a irin wannan gajeriyar tafiya kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Ga shi dole ya bi umarnin hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, ya zagayo ya fuskanci iska kafin tayoyinsa su taɓa titin sauka. Ka ɗauka minti 20 zuwa 25 a sama, sannan ka ƙara na gangarawa a ƙasa kafin tashi da bayan sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke kewaye da mintocin nan. Za ku fita gida zuwa Ambursa, ku isa akalla awa guda kafin tashi, a duba kaya, a zauna jira. Sai hawa matakalar jirgi, wadda ke ba tsoho marar lafiya wuya ƙwarai. Na sha ganin 'ya'ya biyu sun tallafo mahaifinsu taki ɗaya bayan ɗaya, rana na dukansu. A Sakkwato ma filin yana wajen gari, sai kun sake neman mota. In kuma lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe sararin nan har matuƙi ya kasa ganin titin sauka, a ɗage tashi ko a soke shi. Sannan jiragen fasinja na yankinmu Abuja suka fi nufa, don haka mai son wannan tafiya yawanci shata zai ɗauka, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba ne.

Da ni ne, motar ɗaukar marasa lafiya zan nema, ko mota mai sanyi da kujera mai kwantawa. Ku tashi bayan sallar asuba, ku tsaya a Argungu ya ɗan huta ya sha ruwa, kafin hantsi ya ɗaga kuna ƙofar asibiti. In Baba na da ciwon zuciya ko na numfashi, ku tambayi likitansa tukuna, domin iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba.