Amsa kan cire kaska daga jikin yaro

Hajiya, kin tambaya ko daidai ne a ɗiga wa kaska kananzir ko a kanga mata ashana, kamar yadda aka ba ki shawara bayan kin same ta a bayan kunnen ɗanki. Na daɗe ina kiwon shanu a yankin Kumo, inda da damina kaska ba ta ƙyale dabba ba ta ƙyale makiyayi, kuma shawarata ita ce ki bar waɗannan dabaru gaba ɗaya, har da shafa mata man shanu ko basilin.

Bakin kaska yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, sannan tana fitar da wani ruwa mai danƙo da ke ƙara manne ta da fata, shi ya sa ba ta saki da sauƙi. Numfashinta kaɗan ne ƙwarai, don haka wanda ya shafa mata mai yana jiran ta shaƙe zai daɗe yana jira, alhali gwargwadon daɗewarta a jiki gwargwadon damar shigar cuta. Ita kuwa ashana, fatar yaron za ta fara ƙonawa.

Ki sami hantsaki mai siririn baki, ki kama kaskar daf da fata, ba a cikinta da ya kumbura ba, ki ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ko fizga ba. Daga nan ki wanke wurin da hannuwanki da ruwa da sabulu. Idan ɗan guntun bakin ya rage, kada ki tone shi da allura; ba ya zama sabuwar kaska, fata ce ke turo shi waje kamar ƙaya.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta murtsuke kaska da farce. Wasu nau'o'in kaskar shanu suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kama, kuma jinin kaskar da aka fasa yana iya sa wa mutum cutar. Ki naɗe ta a salatif ki yar.

Ki lura da yaron na 'yan makonni. Idan zazzaɓi, ƙuraje ko baƙin ɓawo a wurin cizon suka bayyana, ku je asibiti ki faɗa wa likita cewa kaska ta cije shi, domin kada a tsaya kan maleriya kawai.