Hukuncin Mai Kamfanin da Ke Kauce wa Dokar Ƙwadago da Hujjar Cewa Ma'aikata Sun Yarda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin kamfani mai ma'aikata 12. Dokar ƙwadago ta ce a ba kowa takardar ɗaukar aiki, a biya shi aƙalla mafi ƙarancin albashi, a ba shi hutun shekara, a kuma tura kuɗin fanshonsa. Ni da baki muka yi magana da su, kuma sun yarda da abin da nake biya ko da bai kai ba. Kuɗin fanshon da nake cirewa daga albashinsu ina juya shi a kasuwanci, da niyyar in tura idan al'amura suka daidaita. Wani abokina ya ce wannan dokar mutane ce, don haka babu zunubi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kana da ikon gyarawa.

Zan fara da kuɗin fansho, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Duk abin da ka cire daga albashin ma'aikaci da sunan fansho ya fita daga dukiyarka, guminsa ne da aka ba ka amanar isarwa. Juya shi a kasuwancinka ba tare da izininsa ba haramun ne, kuma niyyar mayarwa ba ta halatta shi. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Maɗaukaki ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, bai ba shi ladansa ba. Ɗan'uwa, wanda Allah ya tsaya a matsayin mai ƙararsa, wa zai tsaya masa? Idan damuwarka ita ce kuɗin ruwa a inda ake ajiye kuɗin, a nemi asusun da ya dace da shari'a in akwai shi. Wannan damuwar ba ta ba ka damar riƙewa.

Sai maganar abokinka. Gaskiya ne mutane suka rubuta dokar, amma malamai sun raba dokokin hukuma kashi biyu. Wadda ta yi umarni da saɓon Allah babu biyayya a cikinta. Wadda ta tsara al'amuran da asalinsu halal ne domin maslahar jama'a, bin ta wajibi ne a zance mafi rinjaye, bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i da ta yi umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari. Hutu, sa'o'in aiki, sanarwa kafin sallama, kariya daga haɗari a wurin aiki, duk a kashi na biyu suke. Ƙari a kan haka, ranar da ka yi wa kamfaninka rajista ka amince za ka yi aiki ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, aya ta farko a Suratul Ma'ida kuwa ta ce a cika alƙawura.

A batun mafi ƙarancin albashi akwai saɓani, ba zan ɓoye maka ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa farashi ya tashi a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade shi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Da wannan malamai da yawa suka hana hukuma ƙayyade farashi. Wasu kuma, cikinsu har da Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim, sun fahimci cewa hanin yana kan tashin da ya zo don ƙarancin kaya ko yawan masu nema, ba tare da zaluncin kowa ba. Idan kuwa mai ƙarfi yana cin moriyar matsuwar mai rauni, hukuma na da ikon tsayar da ƙimar adalci, har a ladan aiki. Wannan nake rinjayarwa. Mutumin da ya daɗe ba aiki, iyali na jiransa, zai ce “na yarda” ga duk abin da ka ambata, kuma kai ma ka san abin da ya sa ya faɗa. Irin wannan yardar ce dokar ta zo ta yi wa iyaka.

Sai dai ka fara tambayar lauya ko ofishin ƙwadago, domin dokokin wasu ƙasashe sukan cire ƙananan kamfanoni daga wasu sharuɗɗa. Idan naka yana cikin waɗanda aka cire, yarjejeniyarku ta inganta matuƙar babu zalunci a fili.

Takardar ɗaukar aiki kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Ijara, wato yarjejeniyar yin aiki da lada, ba ta inganta sai an san lada an san aiki ko tsawon lokacinsa. Dubi dattijon Madyana da Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas: ya ambaci shekara 8 da Musa zai yi masa aiki, ya ce cikon 10 ganin damar Musa ne, ya ƙara da cewa ba ya son ya ƙuntata masa. Rubutu yana tsare irin wannan bayanin daga mantuwa da musu, kuma kai ma yana kare ka.

Abin da ke kanka yanzu: ka tuba, ka zauna da akawunka ku lissafa duk kuɗin fanshon da aka cire tun daga watan farko, ka tura shi kafin ka taɓa wata riba. Idan dokar albashi ta hau kanka, ka lissafa giɓin baya, ka sanar da kowane ma'aikaci haƙƙinsa, ku tsara biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda ya yafe bayan ya san adadin, ba don tsoron kora ba, yafiyarsa ta sauke maka nauyi tsakaninka da Allah, abin da hukuma take binka kuma yana nan. Idan kamfanin ba zai iya ɗaukar albashin mutum 12 ba, ka rage ma'aikata ta hanyar da doka ta tsara, da sanarwa da cikakken haƙƙin sallama.

Wallahu a'alam.