Amsar tambayarki kan rinin ɗaure, kishiyata

Wa alaikumus salam kishiyata, ya karatu, ya mutan gidan. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don tabarauna ya yi ɓatan dabo sai jiya da daddare aka tsinto shi cikin kwandon zare, kuma kin san ni da wayar nan, ɗaiɗai nake danna harafi kamar kaza na tsintar tsaba. To ki daure ki karanta duka, banda tsallake-tsallaken nan naku.

Na ga hoton ɗankwalin da kika ƙulla kika rina da shuni. An ga alamar hannun farko, wasu zoben sun fito fes wasu kuma ruwa ya shige su ya cinye farin, zan dawo kan wannan. Tambayarki dai biyu ce in na fahimta. Ƙawarki ta ce wannan adire ne na Yarbawa kwaikwayo kike yi, wata kuma ta ce a'a na mutanen Japan ne, shi ne kike son sanin wai na waye. Sannan kawunki ya ce mace ba ta rini a al'ada. Da ma na san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya, tunda kika kama abin nan na san sai an samo miki magana.

Bari in fara da ganyen, don in kin gane shi rabin gardamar ta mutu. Baba dai, wato shukar da ake samun shuni daga ganyenta, kore ne shar, in kin kalle shi a gona ba za ki ce akwai shuɗi a jikinsa ba. Sai an yanke shi an daka an dunƙula an shanya. Kuma shunin da ke fitowa a ciki yana da taurin kai, ba ya narkewa a ruwa, ki zuba shi ki dama daga safe har dare ki tsoma ƙyalle, ɗauraya ɗaya zai zube ya bar miki farinki. Shi ya sa marina ke haɗa shi da toka da katsi (laka ce ta ƙasan ramin rini da ake ƙonawa) a karofi, wato ramin rini, su bar shi kwana da kwanaki ya ruɓa, ana motsawa da muciya, har ruwan ya juye ya koma kore-kore mai rawaya, kumfa mai ƙyalli ta taso a sama, wari kuwa ba a magana. Ruɓewar nan ce ke cinye iskar da ke cikin ruwan, a nan ne shunin yake saduda ya narke ya shiga zare. Sai ki tsoma zane ki ciro, ki gan shi kore, ki tsaya kina kallo iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gaban idonki. Wallahi shekaruna duk da yawansu har yau in na ga wannan sai na yi tasbihi. Da iska ta taɓa shi ya koma halinsa na da na ƙin narkewa, amma yanzu yana cikin zare, ya maƙale. Baƙin shuɗin nan mai kama da dare kuma ba daga tsomawa ɗaya ba ne, a tsoma a ciro a sha iska a mayar, sau da yawa.

To kin ga dabarar ɗaurin ta fito da kanta. Rinin shuni ba ya buƙatar tafasa, kuma inda ruwa bai kai ba launi ba zai kama ba. Duk wanda ya zauna da karofi shekara biyu zai lura cewa inda zane ya naɗe ko ya ƙulle ya fito da fari. Daga nan sai mutum ya ce to bari in ƙulla da gangan. Wannan ba ya buƙatar wani ya tsallako teku ya koya maka.

Kuma haka aka yi. Tsohon ƙyalle mai rinin shuni da ya fi kowane daɗewa da masu tonon tarihi suka samu, a ƙasar Peru yake, a wani wuri da ake kira Huaca Prieta, ya kai wajen shekara 6000. Ki gaya wa ƙawayenki, in gardamar waye ya riga ce, to duk sun makara. A nan yammacin Afirka kuma, a kogunan duwatsun Bandiagara a Mali, an samu tufafin mutanen Tellem masu shuni tun ƙarni na 11. Marinar Ƙofar Mata ta Kano ana lissafa ta daga 1498, ramukan nan masu zurfi da ake shafe cikinsu da laso don kar ruwa ya tsiyaye. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannen zanen garin ke kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Turkuɗi da ɗan Kura da mabuga ke bugawa da ƙarin garin shuni har ya riƙa walƙiya, shi Buzaye ke naɗawa yana zuba a fatarsu, har Turawa suka laƙaba musu suna shuɗɗan mutane, su kuwa ado ne a wajensu. Ki duba ma maganar da muke yi kullum ba mu lura ba, mai kuɗi muke ce wa mai hannu da shuni. Ni dai a fahimtata ba a banza harshe ya riƙe wannan ba.

Amma fa gaskiya a bakinmu take, in maganar zane-zanen fari a jikin shuɗi ce, ki cire wa matan Yarbawa ɗankwali, na Abeokuta da na Ibadan. Kalmar adire ma a yarensu ma'anarta ke nan, a ɗaure a rina. Suna da na ƙulli da zaren ganyen tukurwa, su sa 'yar tsakuwa ko ƙwaya a ciki su ɗaure tamau ya fito zobe-zobe kamar naki. Suna da na allura, a ɗinke zanen a zuge zaren ya tattare, bayan rini a farke ɗinkin. Sai wanda ya fi burge ni, adire eleko, da ake dama kullun rogo ya yi kauri a zana shi a fuska ɗaya ta farin yadi da gashin kaza ko tsinke, a bari ya bushe sannan a tsoma a hankali, daga baya a kankare. Kowane zane da sunansa, akwai Olokun, akwai Ibadan dun wato Ibadan da daɗi, har akwai wanda suka ɗauko daga hoton sarkin Ingila George na biyar da matarsa lokacin bikin cikarsa shekara 25 a kan mulki a 1935, aka yi ta kwafa ana sake kwafa har fuskokin suka daina kama da na kowa. Ganyensu ma ba babanmu ba ne, wani mai yaɗo ne suke ce masa elu, mu talaki muke kiransa. Shuka daban, shuɗi ɗaya.

Japan ma haka. Su tasu shukar daban ce kuma, a yankin Tokushima suke tara busasshen ganyenta suna yayyafa ruwa suna juyawa wajen kwana 100 kafin ya nuna, sannan su ma su haɗa da ruwan toka. Ƙullin suna ce masa shibori, garin Arimatsu da aka kafa a 1608 da shi ya yi suna har gobe. Inda Bayarabiya ta sa kullun rogo, su na shinkafa suke sawa. Kumfar nan ta saman ruwa su fure suke ce mata, da ita suke gane ko rinin na da lafiya, kamar dai yadda tsohon marini zai leƙa ya shinshina ya ce yau ruwan ya gaji a bar shi ya huta. A Indiya matan Gujarat da Rajasthan na tsunkular yadi da farce suna ɗaure ɗigo-ɗigo dubbai, bandhani suke cewa. Mutanen Jawa a Indunusiya su kuma kakin zuma suke narkawa su zana, shi ne batik. Af, kin san atamfar da ke jikinki jikar wannan batik ɗin ce? Mutanen Holan ne suka kwaikwaye shi da inji don su sayar a can, sai kasuwar ta fi karɓuwa a nan wajenmu. Yanzu wa zai tsaya a gidan biki ya ce wa mace atamfa ba tata ba ce?

To ni abin da nake gani, shunin da dabarar hana ruwa shiga na kowa ne. Abin da ke da mai shi shi ne salo da suna. In kin ɗauko Olokun kika yi, ki ce Olokun ne na Yarbawa, kar ki sake masa suna ki ce ke kika ƙirƙiro, wannan shi ne rashin kunya kuma shi ne abin da ke ɓata wa mutane rai. In ƙulli ne kawai da zobe da layi, ki yi abinki hankali kwance ba ki ci bashin kowa ba.

Sai maganar kawunki. Yana da gaskiya rabi, kuma ki gaya masa ni na ce rabi, in yana da ja ya zo ya same ni, ni na goye shi. Gaskiya ne a wajen Hausawa tsayuwa a bakin karofi aikin maza ne, gado ne, uba ya bar wa ɗa raminsa, kuma marina fili ne a waje inda matan aure ba sa zama. Amma ya tambayi kansa, zanen da ake kai wa marinin a ƙulle, wa ya ƙulla? Mata ne a cikin gida, da allura da zare, yara su kai su karɓo, su kuma su kwance. Kuma kaɗin zaren ma tun farko na mata ne. Wato adon da ake yabawa hannun mace ne, namiji ya tsoma. In kin gangara ƙasar Yarbawa kuwa matan ne ke riƙe da rinin gaba ɗaya, a manyan tukwane suke yi ba rami ba, uwa ta koya wa 'ya, maza sai dai yankan kwanon da ake ɗorawa a shafa kullu. Kin ga ashe rabon aiki ne da kowace al'umma ta yi daidai da zamanta, ba haramci ba ne, ban taɓa jin malamin da ya ce mace ta rina ƙyalle a bokiti a tsakar gidansu ta yi laifi ba. Camfe-camfe kam akwai su ko'ina aka yi rini, saboda ruwan kan lalace ba a san dalili ba, to dole a nemo wanda za a ɗora wa.

Abin da ya kassara sana'ar ma ba mata ba ne ba maƙwabta ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai arha, ba noma ba jira. Indiya da Turawan Ingila suka tilasta wa manoma shuka baba, har Gandhi ya je Champaran a 1917 kan wannan zalunci, cinikinta ya rushe cikin 'yan shekaru. Daga baya yadin kanti ya cika kasuwa, karofi da yawa aka cike su da shara. Shunin dai bai mutu ba, wandon jins ɗin da yayyenki ke sawa shi ne a jiki, na masana'anta. Ina kyautata zaton garin da kika saya ma shi ne, da sinadaran da ke narkar da shi nan take. Ba laifi don koyo, amma kar ki sayar wa mutum ki ce masa na ganye ne.

Yanzu ɗankwalinki. Ruwa ya shige ne don ɗaurin bai yi tauri ba, ki ja zaren har sai yatsanki ya yi zafi, kuma ki jiƙa ƙyallen da ruwan banza bayan kin ƙulla kafin ki tsoma, wannan na taimakawa farin ya tsira. Yadin ya zama auduga zalla, ki wanke shi tukuna ki cire sitacin kanti. Ni na taɓa kwana huɗu ina ƙullin wani yadi da mai shago ya rantse min auduga ne, ashe roba ce ta fi yawa a ciki, ya fito wani fari-fari kamar an wanke shi da bula, kakanki Allah Ya jiƙansa ya yi wata guda yana min dariya. Kar ki riƙa fantsama ruwan ko ki bar zane na ɗiga a ciki, iska kike shigarwa rinin ya mutu, a hankali ake zurawa a hankali ake cirowa. Kar ki yi gaggawar kwancewa, ki ɗauraye tukuna. Kuma sodar da ke cikin sinadaran nan tana cin fata, ki sa safar hannu ta roba, ki yi a waje inda iska ke kaɗawa, ki kawar da ita daga inda ƙannenki za su kai hannu.

In kin zo hutu ki taho da farin yadi kamar yadi biyu da zare mai ƙarfi, akwai wani ɗinkin da ake naɗe bakin yadi a bi shi da allura ya fito kamar ƙashin kifi, ba zai rubutu a waya ba sai na kama hannunki. Akwai kuma tsohon baƙin zanena a ƙasan adaka da ya girmi babanki, ki tuna min in ciro miki ki gani, gani kawai na ce, ban ce kyauta ba. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan ina jiran kiran da ta ce za ta yi tun ranar Juma'a.