Ɗan jirgin da ke ƙetare gadar Ikko

Tambaya: Malam, kakata a nan Ƙofar Sauri, Katsina, takan ce mahaifinta ɗan fatauci ya taɓa hawa ɗan jirgin ƙasa da ke bin titi ya ƙetare gada a Ikko. Haka ne?

Amsa: Hajiya ta faɗi gaskiya, ƴata. Gadar Carter ce, wadda aka gama a 1901, ta haɗa tsibirin Ikko da tashar jirgi ta Iddo. A 1902 jirgin ya fara aiki, mai tafiya da tururi, faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi kacal. Yakan kwaso fasinja da kayansu daga Iddo ya shiga da su cikin gari. Wallahi ina jin takaicin rufe shi. An daina ɗaukar mutane a ƙarshen 1913, amma jirgin da ke kwashe najasar gari ya ci gaba da aiki har 1933.