Amsa: Wane irin masauki ake samu a Makka da Madina lokacin Umara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka kai Hajiya mahaifiyarka Umara, kana tambayar ina ya fi dacewa ku sauka. Allah ya saka maka da alheri.

A Makka kuɗin masauki na bin kusancinsa da Harami ne. Manyan otal-otal na benen agogo, wato Abraj Al Bait, kana saukowa sai farfajiyar masallaci, amma sai mai ƙumbar susa, musamman a goman ƙarshe na azumi. Masu matsakaicin kuɗi suna layin Ibrahim Khalil da Misfala da Ajyad. Ka kula da Ajyad, akwai hawa. Mita 600 a taswira kan zame wa tsohuwa mai ciwon gwiwa aiki bayan sallar isha'i.

Aziziyya da Kudai sun fi araha, sai dai bas za ku riƙa shiga, kuma ranar Juma'a cunkoso ba a magana. A Aziziyya ana samun gidajen haya masu kayan ɗaki da madafa. In kuna da yawa, ko Hajiya ba ta iya rabuwa da tuwo, wannan ya fi.

Madina da sauƙi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Ku nemi otal a Markaziyya, ta arewacin masallaci, don ya fi kusa da ƙofofin mata.

Ni dai shawarata, kada ka yarda da "kusa da Harami" daga bakin ejan. Ya ba ka sunan otal ɗin, ka duba a taswira, ka tambaya ko mutum nawa ne a ɗaki, don wasu sukan cusa gado biyar.